Kalatiya mai ratsi a ɗakin mukayyif: me ke ƙona bakin ganyenta?

Wata Hajiya da ke zaune a Makka, wajajen Shara Mansur, ta aiko da tambaya. Wata biyu da suka wuce ta sayi shukar ado a mashtal, wato wurin rainon tsirrai da sayar da su, mai faffaɗan ganye kore, da siraran ratsin ruwan hoda kamar an ja su da alƙalami, bayan ganyen kuma kalar zoɓo. Da dare ganyen yakan miƙe tsaye, da safe ya kwanta. Yanzu bakin ganyen duk ya ƙone, wasu sun nannaɗe, motsin ma ya tsaya. Tana ba ta ruwa kullum, tana fesa mata safe da yamma, har Zamzam ta taɓa zuba mata. Ta ce, mutuwa za ta yi ko da sauran dabara?

Hajiya, da sauran dabara in Allah ya yarda. Amma abin da zan fara roƙonki shi ne ki ajiye butar nan daga yau. Na daɗe ina aikin mashtal a Jidda, kuma irin wannan shuka da aka dawo mini da ita tana jinya, da wuya in sami wadda ƙarancin ruwa ya kayar. Abin da ke cin su a ƙasar nan abu biyu ne: irin ruwan da ake zuba musu, da busasshiyar iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mai shuka ya ga ganye ya bushe, sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ruwan kuma ya ruɓar da saiwa. Daga nan cuta ta zama uku.

Sunanta kalatiya, da haka za ki tambaya a kowane mashtal. Wadda kika kwatanta ita ce ake ce wa ornata, asalinta dazuzzukan Kolombiya da Benezuwela ne a Kudancin Amurka. A 2012 masana tsirrai sun mayar da ita da mafi yawan 'yan'uwanta ƙarƙashin wani suna, Goeppertia, amma kasuwa ba ta bar tsohon sunan ba. Kada nisan nan ya sa ki ɗauke ta baƙuwa ƙwarai. Ganyen fita da fatake ke naɗe goro da shi, da faffaɗan ganyen da mutanen kudancin Najeriya ke ƙulla alala a ciki, duk danginta ne. Ki tuna inda irin waɗannan ganyaye ke fitowa: ƙasan kurmi, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta sauka sai tatacciya, ƙasa kullum da damshi amma ruwa ba ya kwanciya, ruwan kuma na sama ne, babu gishiri ko kaɗan a cikinsa. Aka ɗauko ta daga nan, aka raine ta a ɗakin gilashi inda ake auna mata komai, sannan aka sauke ta a falonki a tsakiyar Hijaz. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in tsaya a kan ruwan, don nan ne gizo ke saƙa. Ruwan famfon Makka da Jidda galibi daga Bahar Maliya ake tace shi, a tashar Shu'aiba, sannan a ƙara masa ma'adinai da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ga ɗan'adam wannan daidai ne. Amma yakan kwana a tankin ƙasa, ya hau tankin saman gida, wani lokaci kuma ruwa ya yanke a kira wayit, wato motar tankar ruwa, wadda ba ki san daga inda ta ɗebo ba. Ki leƙa cikin butar shayinki, ki ga farin abin da ya daskare a gindinta. Abin da ke faruwa a cikin ganyen ke nan. Saiwa ta sha ruwa, ruwan ya bi jijiyoyin ganye har bakinsa, ya tashi sama kamar tururi, ya bar gishirinsa a wurin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya yi yawan da zai kashe naman ganyen daga gefe. Shi ya sa ƙunar take farawa daga tsini da baki ta bi ciki, sau da yawa da siririn layin rawaya tsakanin inda ya mutu da inda yake kore. Yawancin shuke-shuken ɗaki suna jure wannan. Dangin kalatiya ba sa jurewa, musamman sinadarin fuloraid.

Za ki ji ana cewa a bar ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin a zuba. Wannan yana rage kulorin ne kawai, wato sinadarin nan na kashe ƙwayoyin cuta. Gishiri da fuloraid suna nan daram. Tafasawa ma ba ta fitar da su. Ruwan gora kuwa sai kin juya kin karanta takardar jikinsa, don da yawa daga cikinsu an ƙara musu fuloraid saboda lafiyar haƙori. Zamzam kuma, Hajiya, na san da kyakkyawar niyya kika zuba, amma ruwa ne mai ma'adinai da yawa, ya fi ƙarfin wannan shuka. Ki bar shi don sha, ke da iyalinki.

Ruwan da ya fi dacewa da ita yana zuba a banza ta bayan gidanki: ruwan da ke ɗiga daga tiyon mukayyif. Damshin iska ne ya taru a jikin ƙarfe mai sanyi, don haka kusan babu gishiri a cikinsa, ɗan'uwan ruwan sama ne. A Jidda mukayyif ɗaya yakan cika bokiti a yini saboda damshin teku. A Makka bai kai haka ba, amma zai ishi tukunya ɗaya ko biyu har ya yi saura. Ki tara a jarka mai murfi, ki tace ƙurar da tsumma, kada kowa ya sha, kuma idan an wanke mukayyif da magani ki zubar da na kwana biyu ko uku na farko. In hakan ba zai yiwu ba, ruwan filtar kicin mai matakai da yawa, irin wadda ke da ɗan tanki a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, shi ma ya yi. Akwai wata 'yar na'ura kamar biro da masu sayar da filta ke auna narkakken gishirin ruwa da ita, ba ta da tsada. A aikina, idan ta nuna ƙasa da 100 hankalina a kwance yake, idan ta haura 300 ba na zuba wa kalatiya. Abu ɗaya kuma da mutane ke mantawa: ruwan famfo da azahar a lokacin zafi yakan fito kamar an ɗora shi a wuta, saboda tankin yana rana. Irin wannan yana dafa saiwa. Na firji ma yana girgiza ta. Ki bar ruwan ya zauna a ɗaki har ya zama ba zafi ba sanyi.

To yanzu ƙasar da ke tukunyarki ta riga ta tara gishirin wata biyu, kuma a jiƙe take sharkaf tunda kullum ake zubawa. Ki kifar da tukunyar a tafin hannunki, ki zaro shukar da ƙasarta gaba ɗaya, ki duba saiwar. Lafiyayya fara ce ko ruwan madara, da ƙarfi idan kin taɓa. Wadda ta ruɓe baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana saɓulewa a yatsa, tana wari kamar kwata. Idan mafi yawa lafiya lau ne, ki mayar da ita, ki bari saman ƙasar ya sha iska kwana uku ko huɗu, sannan ki kai ta banɗaki ki zuba ruwa mai kyau a hankali, kamar ninki uku na girman tukunyar, ya ratsa ya fita ta ƙasa. Wankin ƙasa ke nan, kuma ki riƙa maimaita shi duk bayan wata biyu ko uku. Idan kuwa ruɓa ta yi yawa, ki yanke duk ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ki zubar da tsohuwar ƙasar, ki sake dasa ta a tukunyar da ba ta fi saiwar da ta rage girma sosai ba.

Ƙasar da nake haɗawa ita ce kashi biyu na bitmos, wato ƙasar nan mai laushi ta ruɓaɓɓun tsirrai, kashi ɗaya na birlait, wato fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi, da ɗan dunƙulen gawayin itace da aka farfasa. Ban da gawayin turaren wuta mai kamawa nan take, akwai sinadari a jikinsa. Idan garin ɓawon kwakwa kika samu maimakon bitmos, ki jiƙa shi ki tsiyaye sau biyu ko uku, don yakan zo da gishirinsa. Jar ƙasar lambu da takin dabbobi kada su shiga. Tukunya kuma dole ta kasance da huda a ƙasa. Sau da yawa ana saka ta roba mai huda cikin wata ta ado marar huda, ruwa ya taru a gindi ba wanda ya gani. Ki ɗaga ki duba, ina kyautata zaton za ki sami ruwa kwance a taki tukunyar.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanka masa. Ki tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓar farko. In kin ji damshi, ki ƙyale ta. In kin ji ya fara bushewa, ki zuba har ya fito ta ƙasa, bayan minti 15 ki zubar da wanda ya taru a faranti. A ɗaki mai mukayyif wannan yakan kama duk kwana huɗu zuwa bakwai, amma yatsanki ya fi lissafina gaskiya. Kada kuma ki bari ta bushe ƙayau, don bitmos idan ya bushe sosai yakan janye daga jikin tukunya, ruwa ya bi gefe ya wuce bai jiƙa komai ba.

Sai iska. Kalatiya tana son zafi tsakanin digiri 18 da 27, da damshin iska daga kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ko fiye. Mukayyif yana ba ta na farko, yana ƙwace na biyu, domin ruwan nan da na ce ki tara, daga iskar ɗakinki ya matso shi. Mafi muni shi ne a ajiye ta inda iskar ke bugawa kai tsaye. Ki riƙe ƙyallen takarda a inda tukunyar take, in yana kaɗawa, wurin bai yi ba. Ki nemi kusurwar da iska ba ta kaiwa, sau da yawa gefen bangon da mukayyif ɗin yake ya fi na gabansa. Ki kuma lura da ɗakin da kika zaɓa. Majalisin baƙi da ake kashe masa mukayyif yini guda a watan Yuli, sai an yi baƙi a kunna ya yi sanyi ƙalau, ya fi ko'ina wahalar da ita: da rana tanderu, da dare hunturu. Ta fi son falon da ake zama kullum, inda aka tsayar da sanyi a 24 ko 25. Wanda yake da mukayyif sahrawi, mai aiki da ruwa, ya yi sa'a, don shi damshi yake ƙara wa ɗaki.

Feshin da kike yi safe da yamma, ki daina. Damshinsa ba ya wuce 'yan mintuna, kuma in da ruwan famfo ne, tabon gishiri yake bari a fuskar ganye. Farantin tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya yana ɗan taimakawa, amma kaɗan ne. Abin da na ga yana aiki shi ne a tara shuke-shuke wuri ɗaya su riƙa shaƙar damshin juna, a kuma ajiye musu 'yar na'urar hura damshi, irin wadda ake saya wa yara masu tari, a cika ta da ruwan filta. Ma'aunin damshi na 'yan riyaloli zai nuna miki gaskiyar ɗakin. Ita wannan da take jinya, ki yi mata rumfa: ki kafa tsinke uku ko huɗu a tukunyar, ki rufa farar leda a kai ba tare da ta taɓa ganyen ba, ki huda ledar wuri biyu ko uku, ki riƙa buɗewa kullum na ɗan lokaci. Sati biyu zuwa uku a haka yakan kwance ganyen da ya nannaɗe. Turaren wuta kuma, na san ba a raba mu da shi, amma ki nisanta kasko da ita, kuma ki riƙa goge ganyen da tsumma mai laushi da damshi duk sati, saboda hayaƙi da ƙurar garin nan.

Maganar haske akwai wani abu da shawarar Turai ba ta hango mana ba. Su sukan ce a ajiye ta a tagar arewa, don a can rana ba ta shiga ta wannan ɓangaren sosai. Mu kuwa muna wajen digiri 21 arewa da tsakiyar duniya. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, ranakun da ake daidaita alƙibla da inuwa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ta arewa da mu take ratsawa, kuma duk tsawon bazara tana faɗuwa ne ta arewa maso yamma. Saboda haka tagar arewa ma tana iya shigo da zafin la'asar. Ki bar maganar kusurwa, ki yi gwaji da hannu: da rana ki ɗaga tafinki a saman shukar. In inuwar ta fito da kaifi, hasken ya yi yawa, ki ja ta baya ko ki saki farin labule. In inuwar ta fito dishi-dishi, daidai ke nan. In babu inuwa sam, wurin ya yi duhu. Gilashin tagoginmu mai hazo-hazo yana tace rana yadda take so, sai dai gilashin kansa yakan ɗau zafi, don haka ki bar kamu biyu ko uku tsakaninsu. Idan shaggarki, wato sashen gidan da kike zaune, irin mai taga a lungun gini ce, fitilar LED fara a samanta na awa 10 zuwa 12 ta wadatar. Ratsin ruwan hodan yakan koma fari idan ganye ya manyanta, wannan halinta ne. Amma idan koren ma ya koɗe, rana ce ta yi yawa.

Motsin da kika ce ya tsaya shi ne ya fi ba ni labari. Ki duba inda faɗin ganyen ya haɗu da sandarsa, za ki ga wata 'yar gaɓa mai kauri kamar gwiwa. Idan duhu ya shiga, ruwa yakan cika ɓangare ɗaya na gaɓar ya janye daga ɗayan, sai ganyen ya tashi tsaye kamar hannun mai addu'a, wanda daga nan ne ta samo laƙabin shuka mai addu'a. Gari ya waye, ruwan ya koma, ganyen ya shimfiɗu ya tari haske. Aikin ruwa ne tsantsa, don haka idan saiwa ta kasa sha, motsi ne ke fara tsayawa. Wani lokacin kuma ba cuta ba ce, rashin dare ne. Gidajenmu a nan fitila kan kai ƙarfe biyu ko uku a kunne, a azumi ma har asuba. Shukar da ba ta ganin duhu ba ta san lokacin tashi ba. Ki sama mata inda za ta sami awa takwas na duhu.

Kafin ki rufa ledar nan, ki juya ganyen ki duba bayansa da fitilar waya. Ornata tana yawan jan wani ƙwaro da ake kira jan gizo-gizo, ƙanƙane kamar ƙwayar ƙura, mai son zafi da bushewa. Alamarsa ɗigo-ɗigon fari a fuskar ganye kamar an tsattsaga da allura, da siririyar yana a gindin ganye. Ki goga farin tsumma a bayan ganyen, in ya fito da jan tabo ko ruwan ƙasa, shi ne. Ki wanke ganyen gaba da baya da ruwa, sannan ki haɗa cokalin shayi ɗaya na man darbejiya, itacen nan da ya cika filin Arfa, da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa a lita ɗaya, ki shafa da yamma. Ki fara gwadawa a ganye ɗaya ki jira kwana biyu, don fatarta ba ta da kauri. Ki maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai har sau huɗu, saboda ƙwansa ba ya mutuwa a karo ɗaya, kuma a zafi yana ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki.

Taki kada ki ba ta ko kaɗan yanzu, shi ma gishiri ne. Sai ta fitar da sabon ganye, sannan ki ba ta na ruwa, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata. Tunda ruwan mukayyif ba shi da komai a ciki, wannan ɗan takin ba a tsallake shi. Ragowar shayi, madara, da man ƙyalli da ake shafa wa ganye, duk ki bar su. Kalatiya ba ta da dafi ga yara ko kyanwa. Ba ta kuma kamawa daga yankan ganye ko reshe: idan ta cika tukunya bayan shekara ɗaya ko biyu, sai a raba gindin, kowane kashi da saiwarsa da ganye uku ko huɗu, kuma na fi son yin haka daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da gari ya yi sauƙi.

In kina da niyyar zuwa gida hutu, ki shirya mata tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Rufaffiyar shagga a bazarar Makka, inda zafin waje ke haura digiri 40, ba ta barin kalatiya da rai ko da kin bar mata rijiya. Ki kai ta gidan maƙwabciya da jarkar ruwanta, ki nuna mata gwajin yatsa.

Zan faɗa miki gaskiya, kin fara da mai wuyar sha'ani a cikin dangin. In ta gagara, mai dogon ganye da ɗigon baƙi da ake kira lansifoliya ta fi ta haƙuri nesa ba kusa ba, haka ma 'yar'uwarsu maranta. Amma ban ga dalilin fid da rai da wannan ba. Gefen da ya ƙone ba zai sake yin kore ba, ki bi siffar ganyen da almakashi ki rage shi, ki bar ɗan siririn layin busasshen don kada ki buɗe sabon rauni. Ganyen da fiye da rabinsa ya tafi, ki yanke shi daga gindi. Ko da duka suka zube, kada ki jefar da tukunyar muddin gindin da ke cikin ƙasa da ƙarfi, na sha ganin ya tofo bayan sati shida ko takwas. Sabon ganye yakan fito a naɗe kamar tabarma, daga tsakiya. Shi za ki sa wa ido. In ya buɗe da bakinsa lafiya, kin gano bakin zaren. In shi da na bayansa suka sake ƙonewa, ki tari ruwan da ke fita ta ƙasan tukunyar, ki auna shi da 'yar na'urar nan, ki aiko mini da lambar tare da hoton inda kika ajiye ta.